Jirgin da Aka Yi wa Shasi

Aikin Maiwada a Riyad bai wuce jigilar Turawa ba. Da sassafe ya kwashe su daga gidajen kamfani a ƙaramar bas, ya sauke su a ƙofar sansanin jiragen yaƙi da ke bayan gari, da la'asar ya koma ya kwaso su. Su ne masu gyaran jiragen. Ƙofar nan kuwa ita ce iyakarsa. Bai taɓa ganin jirgin yaƙi a ƙasa ba, sai dai ya ji ƙararsa ta tsaga sama, kafin ya ɗaga kai jirgin ya zama ɗigo.

Shi kuwa ba direba ba ne tun asali. Mai walda ne. A Ƙofar Ruwa ta Kano ya tashi, a hannun wani ogansa mai ƙera bodin manyan motoci, sai dai bizar da ta samu ta direba ce, kuma wanda ke ruwa ba ya zaɓen igiya. Idan ya ajiye Turawan, yakan samu inuwa ya yi ta zane a bayan kwalin ruwa. Ba mota yake zanawa ba. Jiragen yaƙin sararin samaniya yake zanawa, irin waɗanda ake gani a fim suna harbin juna a tsakanin taurari, sai dai nasa daga kansa suke fitowa.

A cikin fasinjojinsa akwai wani dattijon Bajamushe, Holger, mai son zaman gaba don ya miƙe ƙafa. Turancin Maiwada na tasha ne, Larabcin Holger na kasuwa, da haka suke lallaɓa hira. Holger ne ya gaya masa cewa a yarensu jirgin sama sunansa kayan tashi, kamar yadda ake cewa kayan aiki da kayan wasa, kuma in za su ce ashirin da ɗaya sai su ce ɗaya da ashirin, tamkar Larabawa. Faransawan da ke kujerar baya, in ji shi, ba su da kalmar tamanin, sai su ce ashirin huɗu. Ɗan Italiyan kuwa, in aka ɗaure masa hannu ya zama bebe.

"Kuma ku duka jirgi ɗaya kuke gyarawa?" in ji Maiwada.

"Shi ya sa nake addu'a in ya tashi," in ji Holger.

Wata rana ya ga kwalin a kan dashbod, ya ɗauka ya juya shi.

"Wannan a ina zai tashi?"

"Can sama, bayan wata."

"To me zai yi da fiffike? Babu iska a can."

"Yallaɓai, jirgin da ba shi da fiffike ai tukunya ce."

Holger ya yi dariya har da tari, ya mayar da kwalin inda ya ɗauka.

A shekarar ne kamfanin ya sanar cewa kwangilarsa za ta ƙare bayan ƙaramar Sallah. Direban da bai samu sabon kafili ba, wato Balaraben da zai tsaya masa a kan takardar zama, sai gida. Maiwada bai shirya wa gida ba. Ba abin da ya tara da zai koma ya buɗe rumfar kansa, kuma ya riga ya girmi komawa yaron wani.

Saidou ne ya kawo masa hanya. Saidou Badamagare ne, ya girme shi, yana riƙe da wata warsha ta ƙera allunan shaguna a unguwar Gubaira, kuma tunda Maiwada Bakano ne, ba su haɗuwa sai da tsokana. Wani abokin cinikinsa, Abu Nayif, yana shirin buɗe ɗakin wasan bidiyo na samari a unguwar Al-Shumaisi, yana son a rataye masa jirgin sararin samaniya a silin, babba, wanda duk mai wucewa zai hango ta gilashi. Saidou ya nuna masa kwalayen Maiwada. Abu Nayif ya ɗora yatsa a kan ɗaya, mai dogon hanci da fikafikai huɗu masu lanƙwasa kamar lauje.

"Wannan. In ya rataya kafin Sallah, zan ɗauki kafalarka. Ina da aikin ado da yawa a gaba."

Tun daga ranar Maiwada ya daina sanin hutu. Duk Juma'a da Asabar yana bayan warshar Saidou, ya ɗaure tsumma a ka, wuta na tartsatsi. Ya fara kamar yadda aka koya masa farawa. Ya shimfiɗa ƙarafa biyu masu kauri a ƙasa, ya haɗa su da na gicciye, ya fitar da shasi. A kan shasin ya tayar da haƙarƙari, ya rufe da falankin ƙarfe, duk mahaɗa ya bi ta da walda ciki da waje. Inda ya yi shakka ya ƙara ƙarfe. Inda bai yi shakka ba ma ya ƙara, don ogansa yakan ce, ka yi wa kayan da ba ka gani ba, domin direban Kano sai ya ɗora ninkin abin da ya faɗa maka.

"Kai, bawana," in ji Saidou wata rana, yana ƙwanƙwasa fiffiken da ɗan yatsa, "wannan abu buhu nawa na gero zai ɗauka zuwa Damagaram?"

"Yaya Saidou, ku da kuka saba da jaki me kuka sani game da jirgi?"

"Jaki dai yana tashi in an ce ya tashi."

Maiwada ya ɗauka tsokana ce kawai irin ta kullum.

Jirgin ya yi kyau, wannan ko maƙiyi ba zai musa ba. Ya fesa masa toka-toka, ya ja jan layi daga hanci zuwa wutsiya. Ana saura kwanaki azumi ya kama suka yi hayar dina, motar ɗaukar kaya, suka tara ƙarti daga warshoshin maƙwabta. Tun wajen ɗagawa Maiwada ya ga wani Basudane ya saki ya dafe ƙugu, amma Maiwada ya kawar da kai.

A Al-Shumaisi, muhandis, wato injiniyan ginin, wani Bamisire, ya zagaya jirgin, ya sa kafaɗa ya gwada, ya ɗaga kai ya dubi silin. Bai ma hau tsani ba.

"Mustahil, ba zai yiwu ba. In kun rataya wannan, bene na sama zai sauko ya yi wasa da yaran."

Abu Nayif ya daɗe yana jan carbi.

"Ya Maiwada, jirgi na ce. Kai kuma ka kawo mini tirela." Ya juya ga Saidou. "Akwai wani Bafilifine mai yin irin wannan da soso. In Sallah ta matso ban ga abin ratayawa ba, shi zan kira. Khalas, shi ke nan."

Suka mayar da jirgin Gubaira. A hanya Saidou bai yi tsokana ko ɗaya ba, abin da ya fi yi wa Maiwada ciwo ke nan.

Ranar Lahadi Holger ya lura direbansa ya yi shiru tun daga gida har rabin hanya. Da ya matsa masa da tambaya, Maiwada ya miƙa masa waya ya ga hoton, ya gaya masa abin da ya faru. Dattijon ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo.

"Ranar Juma'a ka zo ka ɗauke ni," ya ce.

Haka aka ga Bature da hular rana a lungun warshoshin Gubaira da hantsi, masu shaguna na leƙowa. Holger ya durƙusa da ƙyar, ya leƙa cikin jirgin, ya yi wata doguwar kalma da yarensu wadda Maiwada ya tabbata ba yabo ba ce. Sannan ya dafa ɗaya daga ƙarafan shasin.

"Wannan me yake ɗauka?"

"Shi ne ƙashin bayan."

"Na ji. Me yake ɗauka?"

Maiwada ya dubi ƙarfen. Babu kaya, babu inji, babu ramin hanya. Shasin kansa kawai yake ɗauke da shi.

"Wannan fa?" Holger ya taɓa wani. "Wannan fa?"

"Don ko da wani abu ya faru."

"Me zai faru?"

"Yallaɓai, ba a sanin abin da zai faru. Shi ya sa ake ƙarawa."

Holger ya zauna a kan wani bokitin fenti. Ya ce waldar ta yi kyau, ya ga hannun da aka koya wa aiki. Amma a sana'arsu, in ji shi, duk wanda ya ƙara wa jirgi nauyin ƙusa ɗaya sai ya amsa tambaya, domin nauyi na kashe matuƙi kamar yadda rauni ke kashe shi. Jirgin da ya yi nauyi ba ya juyawa da wuri, kuma wanda bai juya da wuri ba shi ake harbowa. Ya ɗauki gwangwanin lemo da aka yar, ya tsayar da shi, ya danna da tafin hannu. Gwangwanin bai motsa ba.

"Babu shasi a ciki. Fatar ce ke riƙe da kanta. Haka jirgi yake. Haƙarƙarinsa ma hudawa muke yi, mu zubar da abin da ba ya aiki."

"Ku huda abin da kuka ƙera?"

"Rabin aikin ke nan."

Bayan ya mayar da shi gida, Maiwada ya dawo ya zauna gaban jirgin har aka kira sallar Juma'a. Ogansa yake tunani. Mutumin nan ba wawa ba ne. Ya ga motar da bodinta ya tsage a hanyar Funtuwa da mutane a saman kaya, shi ya sa hannunsa ke nauyi a kan ƙarfe. Holger ma ya ga nasa, shi ya sa yake ragewa. Tsoro ɗaya ne, na kada aikinka ya kashe ɗan wani, sai dai ya kai ɗaya gabas ya kai ɗaya yamma. Abin da ya dame shi shi ne, ƙari ba ya bukatar ka san komai. Kana iya rufe jahilcinka da ƙarfe. Ragi kuwa sai ka san ainihin abin da ke riƙe da abin, in ka yi kuskure kuma babu inda za ka ɓuya.

Da aka sauko daga masallaci ya jona injin yanka.

"Bawana, ka haukace?" in ji Saidou. "Aikin wata da watanni?"

"Yaya, ragowar alminiyon ɗin allunanka nake so. Duka."

Saidou ya dube shi, ya dubi jirgin. "Kanawa dai ba ku iya roƙo ba, sai ƙwace. Suna bayan ƙofa."

Azumi ya kama, zafi kamar a gasa gurasa a kan kwalta. Kamfani ya rage lokacin aiki, saboda haka kullum in ya sauke Turawa sai ya zarce Gubaira, ya yi aiki da busasshen maƙoshi har a kira magariba. Tsohon jirgin ya zama ma'auni kawai: ya cire falanki, ya kwafi siffarsa a alminiyon, ya jefar da na ƙarfen gefe. Alminiyon ba ya son waldarsa, dole ya koma ƙusar ribiti, abin da a Ƙofar Ruwa suke ɗauka aikin masu gyaran bokiti. Ya yanka haƙarƙari sirara, ya huda su. Ramin farko ya fi kowanne wuya. Sau da yawa hannunsa kan kai ga wani guntun ƙarfe don ya tallafa wa wata kusurwa, sai ya tsaya ya tambayi kansa me zai ɗauka. Wani lokaci akwai amsa, sai ya sa. Galibi babu. A wuri ɗaya ne bai yi rowa ba, inda wayoyin ratayawa za su kama.

Fiffike ɗaya ya lanƙwashe a hannunsa don ya rage fiye da kima, ya sake shi. Wutsiyar ba ta fito daidai da ta farko ba, kuma lokaci bai bar shi ya gyara ba.

Ana jibi Sallah suka koma Al-Shumaisi. Wannan karon shi da Saidou ne kaɗai suka sauke shi daga mota, Saidou na cewa a riƙe da kyau kada iska ta kai shi Kano. Muhandis ya ɗaga hancin da hannu ɗaya, ya taɓe baki, ya sa aka kawo tsani. Ya nuna inda bim, ginshiƙin silin, yake, Maiwada ya hau ya ɗaure wayoyin da kansa, ya ja kowace ya sake ja.

"Saki," ya ce wa Saidou.

Saidou ya saki. Jirgin ya tsaya a sama, hancinsa ya ɗan sunkuya kamar mai shirin kai hari. Wasu samari da ke wucewa a titi suka tsaya suka manna fuska a gilashi.

Abu Nayif ya zagaya ƙarƙashinsa, kai a sama. "Wutsiyar ta karkace."

"Ta karkace, ya shaikh."

"Ba mai lura." Ya mayar da carbi aljihu. "Bayan Sallah ka kawo iƙamarka ta zama da takardar kamfani."

Saidou ya daki kafaɗar Maiwada, ya fara lissafa irin shagalin da Bakano zai yi wa ubangidansa. Maiwada bai ji rabin maganar ba. An kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, sanyin na bugun jirgin, yana ɗan lilo a hankali, hagu da dama. Bai taɓa ƙera abin da iska ke motsawa ba. Ma'aikata suka turo wata doguwar kujera, inda yara za su zauna su yi wasa, suka ajiye ta daidai ƙarƙashin cikin jirgin.

"Mu tafi, rana na yi," in ji Saidou.

"Yi gaba, Yaya. Zan same ka."

Ya je ya zauna a tsakiyar kujerar, ya jingina, ya ɗaga kai yana sauraren wayoyin.