Na'urar Danshi ta Gidan Abdulganiyyu

Sau uku a mako guda Ramlat tana tashi da haɓo. Likita ya ce ba ciwo ba ne, esin da ke sanyaya gidan ne ya busar da iska, hancin yarinyar ya tsage daga ciki. Mahfuza ta faɗa wa mijinta Abdulganiyyu a fili: in wata ya ƙare jinin bai tsaya ba, za ta koma Kano da 'yarta, ya zauna a unguwar Abu Hail ta Dubai shi da kwantenonin kasuwancinsa.

Ranar Asabar da hantsi Abdulganiyyu ya shigo falo da waya a hannu, har yana tuntuɓe da takalmi.

"Maman Ramlat, khalas, na samo! Na'ura ce da ke sa danshi a gida gaba ɗaya, har banɗaki. Yalla, ɗauko mayafinki."

Suka sauka daga jirgin ƙasa a Al Rigga, suka nufi shagon Hamissou, mutumin Damagaram mai sayar da esi da gyaransa. Abdulganiyyu bai ko zauna ba ya miƙa masa wayar.

Hamissou ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya tuntsire da dariya.

"Kai, Bakano! Bawana, me ke hura iska a gidanku, zafi ko sanyi?"

"Ji Badamagare. A Dubai wa ke kunna zafi?"

"Voilà. Wannan ta mutanen ƙasar ƙanƙara ce. A bututun hita ake ɗaura ta, iskar zafi ta bi ta kan ruwan ta kwashe shi. Ka sa ta a esi, ruwan zai zauna yana kallonka. Kuma mai gidan haya ya yarda ka huda masa bututu?"

Abdulganiyyu ya sosa ƙeya. Mahfuza ta juya fuska tana danne dariya.

Hamissou ya tambayi yawan ɗakuna da inda yarinyar ke kwana. Ya nuna musu wata na'ura mai tafasa ruwa da kanta, ya ce tana da kyau amma tururinta yana ƙona yaro mai taɓe-taɓe. Sannan ya janyo wata fara mai taya, tsayinta ya kai ƙugu. Ya zuba ruwa, ya kunna. Fanka ce ke tura iska ta cikin jiƙaƙƙiyar matata, ba ruwanta da hita.

Mahfuza ta kara tafin hannu a bakinta. "Wayyo, kamar an yi yayyafi! Abban Ramlat, zo ka ji!" Nan take ta buɗe jaka ta zaro kwalbar humra. "Malam Hamissou, ta ina ake ɗiga turaren?"

Hamissou ya rungume na'urar da hannu biyu.

"Hajiya, don Allah! Dubi can." Ya nuna wasu biyu a lungu, matatunsu sun yi ja sun daskare. "Duk na Kanawa ne. Man humra ya toshe su a kwana huɗu. Ruwa kawai take sha. Kuma turaren wuta, sau nawa kike sawa?"

"Safe da la'asar. In za a yi baƙi, uku."

"Taga a rufe?"

Ta gyaɗa kai. Ya ce hayaƙin zai cika matatar, kuma hancin da ya tsage ba ya son sa.

"Gidan mace ba turare?" in ji ta a hankali. Ta juya kwalbar a hannunta, ta mayar jaka. "To. Kaskon zai koma baranda, can zan riƙa turara kaya. Ɗaure mana ita."

Abdulganiyyu da kansa ya turo ta har bakin titi, yana ɗaga wa tasi hannu.

Aka yi kwana tara ba haɓo. A na goma, yana shirin fita, ya ji Mahfuza a waya da yayarta da ke Kano.

"Anti Nuriyya, ki bar gyaran ɗakin nan. Muna nan sai hutun makaranta."