Maƙoƙo ko Maƙogwaro

"Miƙo hannun nan in ji," in ji Sista, tana jingine da filo uku, numfashi na fita da ƙyar.

Autata ta miƙa. Sista maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu shekara ashirin da ɗoriya. Nas ce da ta daɗe da ritaya, amma har jikokinta Sista suke ce mata. Zuciyarta ce ta gaji, likitoci suka sallamo ta gida, kowa kuma ya san irin wannan sallamar. Dubiya muka shiga da hantsi, sai ga marar lafiya ta koma duba masu dubiya.

Ita autar tawa wata biyu ke nan tana shan maganin maƙoƙo, irin maƙoƙon da ke sa jiki gudu ba birki. Kafin maganin, takan share kwano biyu amma sai ramewa take, ga zufa ko ana sanyi, hannu na rawa kamar wadda aka kama da sata. Sista ce ta fara tura ta asibiti.

Ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannun, ta lumshe ido.

"Jikinki da zafi. Tun yaushe?"

"Tun jiya, Mama Sista. Mura ce kawai."

"Haɗiyi yawu in gani."

Yarinya ta haɗiya, ta yamutsa fuska.

Ni da bakina da ba ya shiru na ce, "Ai wuyan ne, Sista. Mai maƙoƙo ai dole wuya ya taɓa ta."

Sista ta buɗe ido ɗaya. "Yaya, ranar da aka ba ku maganin, me nas ta ce?"

"Ni aka yi wa bayani, ita tana wajen awo. Cewa ta yi in maƙoƙon ya yi ciwo mu dawo. To ai maƙoƙon ne ya kai mu, kuma saura sati biyu ranar komawarmu."

"Maƙogwaro ta ce miki. Maƙoƙo a waje yake, ana shafa shi. Maƙogwaro a ciki, inda loma ke bi. Kunnenki ne ya cinye rabin kalmar."

Ta tsaya ta huta, 'yarta ta gyara mata filo.

"Maganin nan mai kyau ne," ta ci gaba a hankali, "amma jefi-jefi yakan karya sojojin jini, masu tare cuta. Alamarsa ke nan, zazzaɓi da ciwon maƙogwaro. Kada ta ƙara shan ko ƙwaya ɗaya. Ku ɗauki kwalin ku tafi yanzu a ɗebi jininta."

"Bari mu ga yadda jikinki zai yi tukuna."

"Ni an gama ganina. Tashi, tsohuwa."

Na tashi, muka ɗauki kwalin muka nufi asibiti. Ashe kuwa haka ne. Suna ganin sakamakon suka ba autata gado a ɗaki ita kaɗai, duk mai shiga sai ya wanke hannu ya rufe hanci da baki. Likita ya ce da mun ƙara kwana biyu, da wani zancen ake. Nas-nas suka yi ta zirga-zirga, a auna zafin jiki, a leƙa baki da tocila, a sa ruwan allura.

Kullum da la'asar nakan dawo in kai wa Sista rahoto. Ba ta tambayar komai sai, "Sojojin fa?" Kwana huɗu ina cewa suna nan yadda suke. Ran na biyar na ce sun fara tasowa, zazzaɓi ya sauka.

"To, madalla," ta ce. "A wanke kunne dai, Yaya."

Washegari da safe, 'yarta na taje mata kai, ta cika. Ba ta wahala ba.

Kwana tara aka sallami autata, aka ce ta rabu da waccan ƙwayar har abada, za a bi wata hanyar. Daga mota ba ta shiga gidanmu ba, gidan Sista ta nufa. An fitar da katifar an jingine a rana. Ta daɗe tsaye a bakin ƙofar ɗakin. 'Yar Sista ta kawo mata ruwa a kofi, ta zauna a dakali ta kafa kai. Ina gefe ina kallon wuyanta yana motsi, kurɓi bayan kurɓi, har ta shanye.