Kicin ɗin Mama Akunna

Ruƙayyatu Ɗanmalam 'yar wani kafinta ce a Palladan. Ta karanta zanen gine-gine a jami'a a Samaru. Tana aji huɗu, Mama Akunna, telar da ke ɗinka mata kaya a Sabon Gari, ta ce ta zana mata gida a ɗan filin da marigayi mijinta ya bari. Ta zana ɗaki uku da falo da kicin, da tsakar gida ƙarama. Aka gina da bulon ƙasa.

Bayan ta gama karatu ta yi Legas, daga can ta ƙetare. Ta gina ɗakin karatu a Dakar, asibitin yara a Amman, da wata makaranta a Lisbon wadda ta jawo mata babbar lambar yabo. An san ta da ginin da ke riƙe sanyi ko babu wutar lantarki. Duk mujallar da ta yi rubutu a kanta, da hoton gidan Sabon Gari take farawa.

Gidan na da shekara talatin da huɗu wata gidauniya a Turai ta nemi a adana shi yadda yake, ɗalibai su riƙa zuwa gani. Mama Akunna ta ƙi. Ta ce ma rushe gefe ɗaya za ta yi.

Da labarin ya kai wa Ruƙayyatu, ta taso ta zo da kanta, ana tsakiyar damina. Ta tarar da tsohuwar a falo, keken ɗinkin an rufe shi da zane.

"Mama, me gidan nan ya yi miki?"

"Zo ki gani, 'yata."

Ta ja ta kicin, ta haɗa itace a murhu, ta hura. Hayaƙin bai bi taga ba. Iskar da ke shigowa ta tsakar gida ta tura shi ta ƙofa, ya bi baranda, ya shige ɗakin kwana. Silin ɗakin ya yi baƙi ƙirin.

"Da rani a waje nake girki," in ji Mama Akunna. "Da damina kuwa, kin gani. Na gwada risho, na gwada gas. Ƙaurin manja ma nan yake kwana."

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Lokacin ke yarinya ce, ban so in karya miki gwiwa ba. Da kika girma kuma, sai a jarida nake ganinki."

Ruƙayyatu ta daɗe tsaye a baranda, idonta na ruwa saboda hayaƙi. Sannan ta nemi aron tef ɗin awon tsohuwar, ta auna bangon.

Washegari ta rubuta wa gidauniyar cewa ta yi kuskure wurin sa tagar, kuma ba ta goyon bayan a adana kuskuren alhali akwai mutum a ciki. Sun amsa a taƙaice, ba su sake tuntuɓarta ba.

Ta kama masauki a Samaru na mako uku. Kullum da safe tana wurin magina. Aka rushe bangon, aka mai da kicin ɗin gabas, aka fitar masa da bututun hayaƙi. Ranar da aka gama, Mama Akunna ta dafa miyar agushi, suka ci a baranda.

Da Ruƙayyatu za ta shiga mota, tsohuwar ta ce sabuwar tagar ta yi girma da yawa, amma za ta saba.