Macijin Kawu Ya Yi Gudu

Kai ma ka gani, ka kau da kai. Tsohuwar kwamfutar gidanku ta mutu, ka shimfiɗa mata ƙyalle, ka ɗora tukunyar fure, ka ce ai zamaninta ya wuce. Ka tambayi masu ita?

Kawuna tsohon mai buga takardu ne. Tunda ya yi ritaya, kullum da yamma shi da matarsa Inna sai sun kara a wasan maciji a tsohuwar kwamfutarsa: macijin wa zai fi tsawo kafin ya daki bango. Da kwamfutar ta mutu, sai gasar ta koma rigima kan gishiri, labule da rimot ɗin talabijin. Ranar da na je, Inna ta riga ta haɗa jaka, wai za ta tafi gidan 'yarta.

"Inna, ki ba ni zuwa yamma," na ce.

Na ciro faifan ajiyar tsohuwar kwamfutar, na kwafe wasan. Na fito da wata kwamfuta da ba ta fi sabulu girma ba, allon lantarki ɗaya tsirara, na saka mata manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin kwamfutoci, na jona ta da talabijin da madannai.

Kawu ya leƙo ta saman tabarau. "Ɗan nan, ina sauran?"

"Ita ke nan, Kawu. Ta ninka taku sauri sau dubu. Ku daina zama a baya!"

Na kunna. Kafin Kawu ya ɗora yatsa, maciji ya fella ya daki bango. Inna ta gwada, nata ko ganinsa ba mu yi ba. Ashe wasan da ƙarfin inji yake tafiya.

"Sannu, injiniya," in ji Inna. "Ka ba maciji babur." Ta saɓa jaka.

Na shiga saiti, ina rage gudu, Kawu yana tsaye a kaina yana ba da umarni.

"Rage. Ƙara ragewa. Nawa ba ya gaggawa, mai hankali ne."

"Mai hankali?" Inna ta juyo daga bakin ƙofa. "Malalaci dai, irin mai shi."

"Zo ki faɗa a nan, in kin isa!"

Ta dawo, jaka a kafaɗa, ta ture ni da gwiwar hannu ta zauna. Ta cinye shi. Ya ce madannan nan ba sa ƙara irin ta nasa na da, shi ya sa. Ta sake cinye shi. A zagaye na gaba jakar ta dame ta, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

"Kai min ɗaki. Ka kuma matsa, kana tare min haske."

To, kai mai karatu, faifan tsohuwar kwamfutar gidanku ba jiranka yake ba, lalacewa yake yi. Tashi yau ka kwafe abin da ke ciki, ka tambayi tsofaffinka da wane gudu suke so!