Keken da Ba a Takawa

Shekara biyu da samun mulkin kai, dokin da ke juya injin rake a wani ƙauye kusa da Kudan ya harbi Maiwada a gwiwa. Dokin ya ci gaba da aikinsa. Gwiwar ta warke, amma a miƙe kamar taɓarya, ta ƙi lanƙwasuwa.

Shekara shida ke nan Maiwada ne mai kai mazarƙwailar gidansu kasuwar Makarfi a keke. Keken kuwa na gandu ne, mai gandun kuma yayansa ne, Tukur, mutumin da ba ya maimaita magana.

"Keke na mai taka feda ne," in ji Tukur. "Bayan girbi zan ba Iliyasu."

Iliyasu ƙaninsu ne, mai gwiwa biyu lafiyayyu.

"Yaya, ai ina iya hawa," in ji Maiwada.

"Hawa kam, ko kaza ma tana hawa. Ka zagaya sau uku a gabana, ba mai turi, ba ka sa ƙafa a ƙasa ba, na bar maka."

Abin ya ci wa Maiwada rai ƙwarai. Noma ya gagare shi, dako ya gagare shi. In aka karɓe keken, abin da ya rage masa sai tabarma a ƙofar gida da "sannu, ya ƙafa?"

Sai ya tuna wata rana da sarƙar keken ta tsinke a tsakiyar wata tsohuwar gona da ruwa ya zaizaye kunyoyinta. Yana tsaye a kan feda, in ya zo gangara ya danna kan keken, in ya zo hawa ya sassauta, har ya ƙetare gonar bai taka ba. A lokacin tsaki kawai ya yi.

Ya ɗauki garma ya shiga bayan gida yana jan ƙafa. Da yake manomi ne ɗan manomi, sai ya ja kunyoyi irin na dawa, masu tsini, kusa da kusa, a miƙe sambal, abin sha'awa. Ya hau. Kunya ta farko ta karɓi tayar gaba ta riƙe, shi kuma ya wuce shi kaɗai ya sauka cikin yakuwar matarsa Lantana.

Lantana ta duba yakuwar tukuna, sannan ta dube shi.

"Maigida, dawa za ka shuka ko keke? Ka yi su kamar bayan kunkuru mana, ka ba su tazara. Kuma ƙasar da ba a daɓe ba, ko akuya sai ta nutse."

Bai ce ta yi gaskiya ba, amma ya rushe kunyoyin. Ya jera tuddai tara, taku biyar-biyar tsakani. A kwanar gindin rumbu ya ɗaga gefe kamar bakin akushi, don keke ya jingina ya juyo. Lantana ta kira gayyar mata, suka zo da madaɓai da ruwan makuba kamar za a yi daɓen ɗaki. Suna daɓe suna waƙa, waƙar kuwa duk a kansa take.

Ranar gwaji Tukur ya zo ya tsaya, hannu a baya. Maiwada ya gangaro daga tudun farko, ƙafar nan a miƙe, yana danna yana sassautawa. Keken ya ɗauki gudu, ba abin da ake ji sai shuu. Sau uku ya zama bakwai. Da ya tsaya, hawaye ne a idonsa, don rabonsa da iska a fuska wata goma.

"Na faɗa, na cika. Keke naka ne," in ji Tukur. "Iliyasu zai kai kaya a jaki." Ya juya zai tafi, sai ya waiwayo. "Amma ina za ka da shi?"

Maiwada ya juya ya dubi dangar bayan gida.

Washegari da hantsi Tukur ya fito ya tarar an fasa dangar bayan gida. Maiwada na waje da garma a bakin hanyar Makarfi, Lantana na biye da madaɓi. Daga nan zuwa kasuwa mil tara ne.

"Tudu nawa kuka yi?" in ji Tukur.

"Biyu, Yaya."

Tukur ya dubi hanyar har inda ido ya tsaya. Ya naɗe hannun riga, ya ce a miƙo masa garmar.