Tanderun Asabar

Duk ranar Juma'a, da ƙararrawar coci ta buga sha ɗaya, matan ƙauyen kan taru a bakin ɗakin gashi don cire ƙuri'ar da ke tsara layin gashin burodin Asabar. Tanderu ɗaya ne a garin kaf, kuma ƙato ne, itacen mace ɗaya ba ya zafafa shi. Shi ya sa bibbiyu ake shiga, kowace da abokiyar gashinta, su haɗa itace su raba wuta. Shekara ashirin da shida Irmtraud tana gashi da Ottilie. Ko makon da aka binne mijinta na fari, Ottilie ce ta gasa mata.

Yanzu shekarunta hamsin da tara, kuma wata biyu ke nan da ta auri Moncef, mutumin Tunisiya ɗan shekara talatin da huɗu, mai aiki a injin yankan katako.

"Ga amarya nan tafe," in ji Hedwig, mai riƙe da jakar ƙuri'a da makullin ɗakin. "Yau ba ki goyo yaron ba?"

"Yana wurin aiki, Hedwig. Mijinki fa, giyar jiya ta sake shi?"

Aka ɗan yi dariya, amma ba a matsa wa Irmtraud wuri ba. Ta waiga neman Ottilie, sai ta hango ta can ƙarshen layi, ta maƙale kusa da matar ɗanta.

"Otti, zo mana. Ke ce mai hannun sa'a."

Ottilie ta sunkuyar da kai. "Wannan makon da surukata zan shiga."

Irmtraud ta san dalili, ko da yake ta so a ce ba ta sani ba. Asabar ɗin da ta wuce kafaɗarta ta riƙe, sai Moncef ya kwaɓa mata fulawar. Bai tsaya nan ba, ya ɗauko katakon burodin har cikin ɗakin gashi, inda namiji bai taɓa sa ƙafa ba, gari har gwiwar hannu, yana gaida kowa da fara'a.

"Ewald ya ji labari a mashaya," in ji Ottilie ƙasa-ƙasa. Ewald mijinta ne. "Burodin da na kai gida duka aladu ya zuba wa. Wai ba zai ci abin da aka gasa gefe da hannun... kin dai gane."

"Hannun wa? Ƙarasa mana."

"Don Allah Irmi, kar ki sa ni kuka a gaban mutane. A gidansa nake zaune."

Hedwig ta ƙulle bakin jaka. "Mace ɗaya ba ta cire ƙuri'a, ba ni na kafa dokar ba. In kowa ta gama, zafin da ya rage naki ne."

Da yamma Moncef ya tarar da ita a kicin, ta zuba wa kwaɓin ido. Tun safe ta riga ta haɗa shi, ga shi ya kumbura har bakin kwano.

"Bari in je in ba su haƙuri," ya ce.

"Haƙurin me?"

"Ko na mene ne. A wurin aiki kullum ina bayarwa, ba na tambaya."

Ta buɗe baki za ta ce kar ya je, ta ga ai ko ya je ba mai buɗe masa ƙofa. Sai kawai ta kama hannunsa ta riƙe.

Ranar Asabar sai ƙarfe huɗu matan ƙarshe suka kwashe burodinsu. Irmtraud ta zura hannu cikin tanderu, ta ƙirga har ashirin bai ƙona ta ba. Duk da haka ta jera burodinta goma sha biyu, ta rufe, ta zauna. Moncef na tsallaken titi, hannu a aljihu. Wannan karon ko inuwar ɗakin bai taka ba.

Awa biyu ta ba shi. Ya fito fari fat, da nauyi kamar bulo, ta danna da yatsa ya lotsa bai dawo ba.

Tana cikin jerawa a katako Hedwig ta iso rufe ƙofa. Ta dubi burodin, ta dubi mutumin da ke tsallake, muryarta ta ɗan yi laushi.

"Mako mai zuwa kar ki wahalar da kanki, Irmi. Motar burodi na zuwa ranar Talata."

Irmtraud ta ƙarasa jera burodinta. Ta ja katakon ita kaɗai har tsakiyar titi, kafaɗar na zugi, sannan Moncef ya taho ya kama ɗaya gefen.