Hoton Cikin Uwar Ɗaki

Shekara talatin da ɗaya Mama ta yi tana aikin ungozoma a asibiti kafin ta yi ritaya. Yanzu gidan daga ita sai kyanwarta, wata fara mai baƙin kunne ɗaya, wadda 'ya'yan Mama suka laƙaba wa Uwar Ɗaki saboda ko ƙadangare ba ta taɓa kamawa ba, sai ci da kwanciya.

Da cikin Uwar Ɗaki ya fara tasowa, Mama ta bi 'ya'yanta a waya tana yi musu albishir. Auta, ƙaramar 'yarta, ta zo ranar Asabar don ta gane wa idonta.

"Mama, kyanwar da ta shekara goma sha biyu? Wadda ko ƙofar gida ba ta leƙawa? Wane ne angon?"

"Ke dai ba ki da kunya. Ta taga take fita."

Auta ta yi dariya, amma da ta ɗaga kyanwar sai dariyar ta tsaya. Cikin ya yi nauyi, bayan kuwa duk ƙashi ne, ga abincinta na safe ko taɓawa ba ta yi ba.

"Mu kai ta a yi mata hoton ciki, Mama. Ko ba komai mu san 'ya'ya nawa ne."

Mama ta ce ba sai an je ba. Ta faɗa har sau biyu, sannan ta tashi ta ɗauko mayafinta.

Likitar dabbobin matashiya ce, bayan hannunta duk tabon yakushi. Ta shimfiɗa tawul a kan teburin ƙarfe, ta kwantar da Uwar Ɗaki rigingine, Auta ta riƙe mata ƙafafun gaba. Likitar ta aske gashin cikin, ta shafa mai mai santsi, ta rage hasken ɗakin, sannan ta ɗora kan na'urar a fatar. Hoto fari da baƙi ya fito a allo.

"Abin da za ki gani nan, Mama..."

"Na san shi, 'yata. Na girme ki a aikin nan." Mama ta sa tabarau ta matso. "Koma hagu kaɗan. Sauka ƙasa."

Likitar ta bi umarninta. Mama tana neman ɗan ɗigon nan mai bugawa da sauri, wanda ta nuna wa dubban mata har suka yi kukan murna. Aka bi cikin lungu-lungu. Babu.

"Wannan baƙin duk ruwa ne," in ji Mama, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ruwa ne."

"Wancan dunƙulen kuma, a jikin hanta?"

Likitar ta tsayar da hoton, ta auna shi. "Ƙari ne, Mama. Kuma ba shi kaɗai ba ne, ya bazu."

Auta ce ta yi ta tambayoyi. Za a iya yi mata aiki? Likitar ta ce jikinta ba zai ɗauka ba. Abin da za ta iya shi ne ta zuƙe ruwan don numfashi ya yi mata sauƙi, ta ba da maganin rage ciwo. Ta ce makonni ne suka rage, ba watanni ba.

Da aka gama, likitar ta ɗauko auduga za ta goge cikin, Mama ta karɓe. Ta goge shi a hankali, daga sama zuwa ƙasa, tana cewa, "Da sanyi, ko? Sannu. An gama."

A mota Auta ta kasa tayar da inji. Mama na rungume da kyanwar a cinyarta, idonta a kan titi.

"Ciki nawa hannun nan ya taɓa?" ta ce. "Tun ranar farko na ji ruwa na kaɗawa. Cikin haihuwa ba haka yake ba."

"To Mama, me ya sa kika yi ta yi mana albishir?"

"Cewa na yi ko tsufa ya ɓata min hannu. Addu'ar da nake ta yi ke nan."

Auta ta kifa kai a kan sitiyari. Mama ce ma ta dafa bayanta tana ba ta haƙuri.

Kwana goma sha tara Uwar Ɗaki ta ƙara. Mama tana ɗura mata ruwa da sirinji, tana juya ta, tana rubuta lokacin magani a bayan kalanda kamar tana bakin aiki. Ranar wata Alhamis da hantsi ta same ta a ƙarƙashin teburin kicin, inda rana ke shigowa, jikinta ya saki.

Auta ta baro ofis ta zo. Suka haƙa rami a bayan gida kusa da katanga, suka naɗe ta a tsohon zane suka rufe. Da suka dawo ciki Auta ta rasa abin yi da hannunta, sai ta ɗauko buroshi ta nufi kujerar falo, wadda farin gashi ya manne wa ko'ina.

"Bar shi tukuna," in ji Mama. "Zo ki zauna."